Sukuwa da Zamiya: Gadon Tsere a Ƙasar Makarfi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan hakimi a ƙasarmu ta arewacin Zazzau da yammacin ranar salla, sa'ad da zafin rana ya karye, makaɗa suka ɗauki kiɗa, dogarai suka kore yara daga tsakiyar fili, ya san akwai wani ɗan lokaci da jama'a kan yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, wato lokacin da mahaya huɗu ko biyar suka jeru a can ƙarshen fage, likkafa na gugar likkafa, dawakansu na tauna linzami suna kartar ƙasa, kowa yana jiran wanda zai fara sakin hannu. Da an saki kuwa, ba ka ganin kome sai ƙura, ba ka jin kome sai ƙarar kofato da guɗar mata, har su iso dab da inda manya suke zaune, sa'an nan a ja linzami gaba ɗaya, dawaki su zauna bisa ƙafafunsu na baya suna jan ƙasa, mahaya su ɗaga hannu su yi jinjina. Gudun shi ake kira sukuwa, tsayawar ita ce zamiya, gaisuwar kuwa jafi ke nan. Yara da baƙi sukuwa suke kallo, amma dattawan da suka san doki ba su cika ɗaga kai ba sai an zo zamiya, domin a nan ne ake gane ɗan gado da ɗan karambani, a nan ne kuma za ka ji wani tsoho ya ce wa na kusa da shi, wancan hannun na gidan wane ne, alhali bai ga fuskar mahayin ba saboda amawali.

Ƙasar da a yau aka raba ƙananan hukumomi uku, Makarfi da Kudan da Ikara, tana kwance ne a kan iyakar Zazzau da Kano, kuma wannan zama nata shi ya sa ta san doki tun fil azal. Kudancin Zazzau ƙasar kurmi ce da tsando, inda doki ba ya daɗewa sai sammore ya kama shi, amma nan arewa sarari ne mai dawa da gero da harawa, ga fadamu masu ciyawa ko da rani, ga kuma hanyar fatake da ta ratsa daga Kano zuwa Zariya, wadda ta cikinta ake gangaro da dawakin Barno da na Asbin. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, ya kuma yi yaƙi da Zazzau. Saboda haka ana iya cewa shekara ɗari shida ke nan ƙasar da ke tsakanin biranen nan biyu tana jin takun barade. A wancan zamani sukuwa horo ce ta yaƙi, domin mahayin da zai afka wa abokan gaba a guje, ya soki wanda zai soka, ya juya kafin a kewaye shi, tilas dokinsa ya iya tashi nan take ya kuma iya tsayawa nan take. Sarautun da har yanzu muke ji a fada, irin su Madaki da Shamaki da Barde da Sarkin Zagi, duk ragowar wannan tsari ne, na ɗaya shugaban mayaƙan doki, na biyu mai kula da barga, har zuwa kan zagagen da ke tafe gaban sarki.

Malamanmu kuwa ba su taɓa ɗaukar tseren dawaki a matsayin lagawu ba, bal ma sun ba shi babi a cikin fiƙihu, suna kiransa musabaƙa. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina, ya raba dawakin kashi biyu: waɗanda aka horar aka rage musu kitse an ba su nisa mai tsawo, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa aka taƙaita musu, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kuma shi mai ruwayar yana cikin mahayan. Duk almajirin da ya sauke Risala a zauren malaminsa ya ji hukuncin ladan tsere a kusa da ƙarshenta, cewa a mazhabar Malik mutum ɗaya ne zai fitar da abin da za a ci, in wani ya riga shi ya ɗauka, in kuwa shi ya riga, abin ba ya komawa aljihunsa, sai ya faɗa wa na bayansa, in su biyu ne kaɗai kuma 'yan kallo su ci. Abin lura a nan, wanda ni a ganina ya fi hukuncin ladan muhimmanci, shi ne cewa tun a farkon Musulunci an auna nisa da ƙarfin dabba, an sa mafari da maƙura, an kuma toshe ƙofar caca. Wato shari'a ta yarda da gudu, amma ta sa masa linzami tun kafin a hau.

To, yaya wannan sani ya riƙa gangarowa daga kaka zuwa jika? Ba a taɓa rubuta shi a allo ba, amma yana da silsila kamar yadda karatu yake da ita, har mahayi kan iya gaya maka wanda ya ɗora shi a sirdi, da wanda ya ɗora wancan. Yaron gidan doki yakan fara ne da lauje, ya tafi fadama da sassafe ya yanko ciyawa, ya dawo ya share gindin turke, ya dama dusa da ruwan kanwa, ya tsince tsakuwa daga cikin dawa kafin a zuba a akurki, ya koyi bambanta harawar da ta sha raɓa ta yi fumfuna da wadda ta bushe lafiya, domin ta farkon tana iya murɗe cikin ingarma ta kashe shi a dare ɗaya. Sai ya yi shekaru a wannan hidima kafin a bar shi ya kai doki rafi, ba sirdi, da ragama kaɗai a hannunsa, ubansa ko baffansa na biye yana duban zamansa. Bayan haka ake sa masa sirdi a bar shi ya fita kilisa da la'asar, yana bin bayan manya, ba ya wuce su. Linzami shi ne kusan na ƙarshe da ake danƙa masa, kuma akwai dalili: linzaminmu na Hausa yana da ƙarfe da ke danna dasashi da zobe da ke kama haɓa, shi ne ke sa ingarma mai gudu ya tsaya cak, amma a hannun wanda bai iya ba, sai ya yaga bakin doki ya jiƙa ƙirjinsa da jini, dabbar kuma ta ɓaci har abada, ta koma mai tutsu da tabariya. Ƙaimi kuwa sai wanda aka tabbatar da hankalinsa. A cikin waɗannan shekaru ne yaro yake haddace sunayen dawaki, ya san akawal da kili da danda da gunya da hurde da bidi, ya san goɗiyar da ta haifi wane, ya san duƙushin da zai yi gudu tun daga yadda yake ajiye ƙafa. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma gaskiya ne, amma ɗan barga ya daɗe yana rarrafe a gindin turke kafin a yarje masa gudu.

Zuwan Turawa ya canja manufar abin, bai kashe shi ba. Sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, kuma ba a daɗe ba aka umurci hakimai su bar birni su koma su zauna a gundumominsu, abin da ya sa barga da zagage da makaɗa suka bazu zuwa garuruwa irin su Makarfi da Ikara. Yaƙi ya ƙare, sai doki ya koma na rangadi da karɓar haraji da hawan salla, inda kowane hakimi zai ɗebi mahayansa ya nufi birni don Hawan Bariki da Hawan Daushe, tafiyar da ba ta wuce yini guda a kan doki. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta tashar Gimi a tsakiyar wannan ƙasa, ya fara ɗauke wa doki doguwar tafiya. Su kuma Turawan sun zo da nasu salon tseren, na zagaye fili ana ƙirga nisa, suka buɗe filayen sukuwa a Ikko da Kano da Zariya da Kaduna. Na Kaduna shi ne aka mayar Dandalin Murtala, na Ikko kuma Dandalin Tafawa Ɓalewa. Suka kuma tara sarakuna a manyan hawan daba, kamar na Kano a 1925 don Yariman Ingila, da na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, inda jafin mayaƙan jiya ya zama abin nuna wa baƙi.

In ana neman gida ɗaya da wannan gado ya bayyana a cikinsa ƙarara, har tarihi ya rubuta sunayen mutanensa bi da bi, to sai a duba maƙwabtanmu na Katsina. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya zauna har wafatinsa a 1944, mutum ne mai tsananin son dawaki, mai kiwonsu da sa su tsere, kuma a 1921 ya tafi aikin hajji ta hanyar Ingila, tafiyar da babu wani sarki mai ci a ƙasar Hausa da ya yi irinta kafinsa. A zamaninsa ne ƙwallon dawaki, wato folo, wadda hafsoshin Turawa suka shigo da ita Nijeriya, ta kafu a Katsina, ya sa 'ya'yansa da yaran fada suka koya, har suka riƙa karawa da waɗanda suka kawo wasan suna cin su. Ɗansa Usman Nagogo, da ya gaje shi ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai mataki na bakwai a ma'aunin gwanintar folo, ma'aunin da ƙarshensa goma ne a duniya duka, kuma bai bar hawa ba bayan an naɗa masa rawani. Daga cikin 'ya'yan Nagogo akwai Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan Jihar Arewa a 1966, wanda soja da mulki ba su raba shi da filin folo ba har rasuwarsa a 1995, da kuma Muhammadu Kabir Usman, sarki daga 1981 zuwa 2008, shi ma ɗan wasa ne. Har yau kuma, a zamanin Sarki Abdulmumini, jikan Nagogo, ana taruwa gasar folo a Katsina. Abin da ya sa Katsinawan farko suka yi saurin ƙwarewa a wasan da ba nasu ba, a fahimtata, bai wuce zamiya ba, domin folo duk tashi ne da tsayawa da juyawa a ƙanƙanin wuri, abin da ɗan gidan sarautar Hausa ya riga ya sha tun a nono.

A ƙauyukanmu kuwa, inda babu baitulmali da zai riƙe barga, labarin ya bi wata hanya. Keke ya zo, sa'an nan babur ya biyo baya a shekarun arzikin man fetur, su Honda da Yamaha da Suzuki, aka wayi gari mai kuɗin da dā zai ɗaura ingarma a ƙofar gida ya gwammace abin hawan da ba ya cin dawa in yana tsaye. Abin da ya riƙe doki a wannan ƙasa, har ya hana shi ɓacewa ɗungum, shi ne rake. Kowa ya san Makarfi da Kudan da rake, kuma masu yin mazarƙwaila sun daɗe suna ɗaura doki a jikin doguwar sanda yana zagaya injin matsa, ruwan na gangarawa zuwa tukunyar dahuwa. Ina yaro na taɓa tsayawa a wata matsa da hunturu, hayaƙi da ƙanshin ruwan rake sun cika fadama, na ga wani dattijo, abokin mahaifina, yana bin bayan wani tsohon bidi da ya rame, yana kora shi da baki kawai, ba bulala. Na ce, Baba, wannan ai ya gaji. Ya dube ni ya ce, ɗan nan, wannan da kake gani sau bakwai yana shiga birni hawan salla, ubana ne ya saye shi yana duƙushi, ni na yanka masa ciyawa, ba kuwa zan sayar wa mahauta ba. Da aka tashi daga aiki sai ya kira jikansa, yaro ɗan shekara tara ko goma, ya ɗora shi a bayan dokin ba sirdi, ya miƙa masa ragama, ya ce ya kai shi ruwa a hankali, ya tsaya yana duban bayansu har suka sha kwana. Yanzu injin mai shan mai ya karɓe yawancin matsa, wancan yaron kuma, da na sake ganinsa bayan shekaru, a kan babur na gan shi, yana ɗaukar fasinja ranar kasuwa.

Wannan juyi daga kofato zuwa taya ba mu kaɗai ya sama ba, kuma yana da amfani mai karatu ya ji yadda wasu suka yi da nasu. A Amurka, tun zamanin da take ƙarƙashin Ingila, manoma kan yi tseren dawaki biyu a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, har aka sami irin dokin da ake kira da sunan wannan nisa. Da mota ta yawaita, samarinsu suka mai da titunan gari fagen tsere, ana ta asarar rayuka, sai wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya a 1951, da nufin a kwashe tseren daga titi a kai shi keɓaɓɓen fili mai alƙalai da dokoki, nisan kuma shi ne dai wancan rubu'in mil na dawaki. Motoci biyu ne ke jeruwa, a ba su alama da fitila, su miƙe ba kwana ba zagaye, kamar dai jafi, kuma manyan cikinsu a yau suna wuce kilomita 530 a sa'a, suna cinye fagen a ƙasa da daƙiƙa huɗu, har sai an buɗe musu laima ta baya kafin su tsaya. Da abin ya sami tsari sai ya zama gado. Wani mai tseren mota mai suna John Force ya zama zakaran shekara sau 16, uku daga cikin 'ya'yansa mata, Ashley da Brittany da Courtney, duk sun bi sahunsa, kowacce ta fara daga ƙananan motoci kafin a ba ta babba. Ashley ta ci gasarta ta farko a babbar mota a 2008 da doke mahaifinta a karon ƙarshe, Brittany kuwa ta zama zakara a 2017 da 2022. Gidan Kalitta su kuma sun biya farashi mai ɗaci, domin Scott, ɗan Connie Kalitta, ya rasu a fage a watan Yuni na 2008 sa'ad da motarsa ta kama wuta ta kasa tsayawa, kuma saboda mutuwarsa aka rage nisan manyan motoci zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, don a ƙara musu wurin tsayawa. Doug, ɗan baffan Scott, ya ci gaba da tsere har ya zama zakara a 2023. Su ma ashe, bayan sun ƙure gudu, a kan zamiya hankalinsu ya koma.

Mu a nan samarinmu sun gaji son gudu cif-cif, babu abin da ya ragu. Je ka kan hanyar Zariya zuwa Kano ta wajen Hunƙuyi, ko hanyar Makarfi zuwa Ikara, ranar da ake kai amarya ko kashegarin salla, za ka ga yara uku uku a kan Bajaj, suna jeruwa kamar mahayan jafi, suna ɗaga tayar gaba, wani ya kwanta a kan sirdi ya saki hannu, ba hular kwano, ba fage, ba alƙali, ga manyan motoci na tahowa. Ba na zarginsu da rashin tarbiyya kamar yadda wasu ke yi a kan mumbari, domin jinin da ke motsa su shi ne ya motsa kakanninsu, kuma da a zamanin Kanajeji aka haife su da su ne barade. Abin da suka rasa shi ne shekarun nan na lauje da ragama, da dattijon da zai tsaya yana duban zamansu ya ce bai isa linzami ba tukuna. Babur ana sayensa da safe a hau da hantsi, ba ya tutsu balle ya koya wa mahayinsa tsoro, kuma uban yaron galibi bai fi shi sanin abin ba. Ta haka silsila ta yanke, muka koma bin gawa da zuwa dubiya wurin masu ɗori.

Dawakin dai ba su ƙare ba. Har yanzu akwai gidaje a Paki da Gimi da Likoro da sauran garuruwanmu da ake jin haniniya a bayan zaure, samari kuma sun soma komawa kilisa a bukukuwan aure, ko da da dokin haya ne, hawan daba na Kano ma ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a watan Disamba na 2024. Amma tsofaffin da suka san barga ciki da bai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon hakimanmu da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su keɓe fili ɗaya miƙaƙƙe a bayan gari, nesa da kwalta, wanda za a riƙa sukuwar dawaki a cikinsa da kaka bayan an kwashe amfanin gona, a ba masu babur ma ranarsu, da sharaɗin hular kwano da alƙali da iyakar nisa, ladan kuwa kada ya koma aljihun wanda ya fitar da shi, kamar yadda malamai suka shar'anta. A kuma zaunar da dattawan barga a bakin fagen tun suna da rai, a ba su ikon cewa wane ya isa, wane ya dakata sai baɗi.